Juma'a, tara na dare

Lafiya lau na tashi yau. Maman yara ta yi mana ƙosai da kunun gyaɗa, wuta ma ba a ɗauke ba har na fita. Kanti shiru, ciniki jefi-jefi. Da aka sauko daga masallaci na ci abinci, na kishingiɗa bayan kanta ina jiran biyu da rabi, lokacin da kasuwar hannun jari ta New York ke buɗewa a agogonmu. 'Yan hannayen jarina ba su motsa sosai ba, kore kaɗan, ja kaɗan.

Wajen ƙarfe uku saƙon Auta ya shigo: "Yaya, duba min wannan." Hoton fuskar wayarsa ne. Abin da ya saya dala 180 ranar Laraba ya koma dala 12.

Ashe ofshin ya saya. Tun Talata Alhaji ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa ya shiga wani kamfanin Amurka da ƙarfi, za su fitar da rahoton ribarsu daren Alhamis, "kada a ce ban faɗa ba." Auta ya kwashe abin da ya tara na gyaran waya ya bi shi. Kwantiragin ofshin ɗaya ya ɗauka, wato damar sayen hannu 100 a kan wani farashi da aka yanke, wa'adinsa yau Juma'a. Rahoton ya fito da kyau kuwa, hannun jarin ya ɗaga da dala biyu. Amma yana buƙatar ɗagawa da kusan dala shida kafin ya taɓa farashin da aka yanke. Abin da yaron bai sani ba, kafin rahoto ofshin kumbura yake yi saboda kowa na jiran babban motsi, da zarar labari ya fito sai ya sace kamar tayar da ta taka ƙusa.

Asara dai kowa na yi, ba ita ta tsaya min a rai ba. Ana cikin haka sai ga Alhaji ya sako hoton ribarsa, kore shar. Na buɗe hoton na ƙara girmansa: Alhamis, 8:40 na dare. Minti ashirin kafin a rufe kasuwa ya sayar, tun rahoton bai fito ba. Bai ce da kowa uffan ba.

Auta ya tambaya cikin ladabi: "Alhaji, ashe tun jiya ka fita? Ba mu ji ba." Amsar ita ce kowa ya yi bincikensa, shi bai riƙe hannun kowa ba. Mutum huɗu suka jera fuskokin dariya a ƙarƙashin tambayar yaron. Biyu a ciki na san su ma sun ƙone a watan jiya.

Bayan la'asar na kira Alhaji. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi shelar shiga ai shi ya kamata ya yi shelar fita. Layi ɗaya ne." Ya ce kasuwa ce, da haka yara ke koyo, shi ma ba wanda ya lallashe shi. Na ce a kasuwar Kwari idan ka ce wa maƙwabcinka wannan atamfar tana tafiya, ka ga ya sari dila a kan maganarka, ba za ka karyar da taka a ɓoye ka dawo kana kaɗa masa kuɗi a fuska ba. Kuma ko asarar ba ta hannunka ta zo ba, "Allah ya mayar da alheri" ake cewa. Ya yi shiru, ya ce ya ji, zai duba. Har yanzu hoton na nan, bai ƙara komai ba.

Ni kaina ban fita daga laifi ba. Ba na taɓa ofshin, tun da na karanta matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1992 ta ce irin wannan cinikin bai halatta ba. Na ga saƙon Talata da idona, na san Auta yana cikin zauren, na san yadda yake kallon Alhaji. Ni na saka shi a ciki ma. Na wuce saƙon ban kira shi ba.

Magariba, isha, tuwo ban ci na kirki ba. Maman yara ta tambaya, na ce gajiya ce.

Tara daidai aka rufe kasuwa, dala sha biyun ma ta tafi. Na kira Auta, ya ce ba komai Yaya, muryarsa can ƙasa. Ya roƙe ni kada Hajiya ta ji. Na ce gobe da safe ya biyo ta kanti kafin ya buɗe shago, ya zo da wayar.