Maganin da na ce a ajiye

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ɗakin gwaji in koma gida Tawa. Shekara shida na yi a wannan asibiti na Yamai, huɗu daga ciki a ɓangaren masu asma. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ɗakin, sun san firjin nan mai gurnani kamar injin niƙa inda muke jera kwalaben gwajin alerji. Sun kuma san labarin Hajiya, amma yadda aka ba su shi suka san shi.

Cikin watan Janairu ne, hazo ya rufe gari har gadar Kennedy ba ta ganuwa daga nesa. Hajiya ta daɗe da asma, amma ciwon ya kwanta: safe da dare tana shaƙar beklometazon, famfo mai ruwan ƙasa, shuɗin kuwa, Ventoline, yana cikin jaka don ranar da ƙirji ya matse. Dakta ya so a yi mata gwajin fata a gano abin da ke tada mata ciwon, ko ƙwarin nan na cikin katifa da ido ba ya gani, ko kyankyaso, ko gashin kyanwa, ko funfuna. Ya rubuta da Faransanci a takardarta cewa a dakatar da magani kwana 7 kafin gwaji. Bai ce wane magani ba. Ni kuwa watana huɗu kacal a ɓangaren.

Na ce mata, "Hajiya, ki ajiye magani mako guda, sannan ki dawo."

Ta ɗago famfon ta ce, "Har da wannan, ɗiyata?"

Na sake duba takardar. Ofishin Dakta taku goma ne daga inda nake tsaye, amma da safen nan ya riga ya daka mini tsawa kan wani dosiye, ban son ta biyu. Na ce, "Duka, Hajiya."

Daren kwana na shida ɗanta ya kawo ta a taksi. Ba ta iya haɗa kalma uku ba tare da ta tsaya neman numfashi ba, ƙirji sai shewa yake. Shuɗin ma ta kulle shi a akwati, tunda ɗiyar asibiti ta ce duka. Aka sa mata iskar oksijin, aka turara mata salbutamol, maganin da ke cikin shuɗin famfon, aka yi mata allurar kortizon. Kwana uku ta yi a gado. Allah ya yi da sauran kwananta.

Abin da ya kamata ta ajiye shi ne ƙwayoyin hana ƙaiƙayi da atishawa kawai, irin su setirizin da loratadin, da kulorfeniramin da ke cikin yawancin maganin mura da ƴan tebur ke sayarwa. Su ne ke danne kumburin da muke nema. Gwajin kansa ba wuya: ɗigon abin da ake zargi a fatar hannu, ɗan tsira da tsinke, a jira minti 15, a auna. In kumburin ya zarce na ɗigon ruwan gishiri, wanda muke kwatantawa da shi, da milimita 3, jiki ya amsa. Ɗigon histamin kuwa, sinadarin da ke kumbura fatar kowa, dole ya kumbura, in bai yi ba gwajin ya lalace. Kortizon ɗin shaƙa, wato famfo mai ruwan ƙasa, huhu yake zuwa, ba ya hana fata kumbura, ba shi da dalilin tsayawa ko na yini ɗaya, balle cikin hunturu.

Daga baya na zauna na karanta, don in san inda ruɗun yake. Akwai wani gwaji na dabam wanda a cikinsa majiyyaci ke shaƙar abin da jikinsa ya ƙi, kaɗan-kaɗan, ana sa shi yana hura na'ura har iskar da yake fitarwa a daƙiƙar farko ta ragu da kashi 20 cikin 100. Ƙirji kan matse cikin rabin awa ya saki, sannan ga wajen rabin mutane ya sake matsewa bayan awa 3 zuwa 8, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Wannan dawowar ta biyu ce kortizon ɗin shaƙa ke dannewa, shi ya sa masu bincike kan so mutanen da ba su kansa. Amma masu sauƙin ciwo ake zaɓa, kuma likita na zaune kansu yini guda. Mu ba mu taɓa yin wannan gwaji ba, ba mu ma da kayansa.

A taron safe Dakta ya ce duk wanda ya ratsa makarantar lafiya ya san abin da ake nufi da dakatar da magani kafin gwajin fata. Ya faɗa yana kallon silin. Majo, shugabar ma'aikatan jinya, ta sunkuyar da kai. Da na je ɗauko takardar da ya rubuta don in nuna, babu ita a dosiyen, har yau kuma ba ta dawo ba. Ni aka ba takardar neman bayani, na amsa da shafi biyu, aka ajiye a fayil ɗina. Ban ce ba ni da laifi ba. Bakina ne ya ce duka. Amma hannu biyu ne suka ɗauki tulun nan, ɗaya aka ce ya fasa.

Abin da ya fi takardar ciwo shi ne Hajiya. Na je gaishe ta a gado ina rawar murya, ta kama hannuna ta ce, "Ƙaddara ce, ɗiyata, kar ki sa a ranki." Da ta dawo gwaji bayan wata biyu har kilishi ta kawo mini. Ƙwarin katifa ne da kyankyaso suka kumbura.

Ga ƙannena da za su karɓi ɗakin: in takarda ta ce magani, ku je ku tambaya wanne, ko da za a yi muku tsawa, kuma ku riƙe kwafi. Kada ku tsira kowa ranar da ƙirjinsa ke shewa. Ku duba ranar lalacewar adirenalin, allurar ceto in alerji ya yi tsanani, duk farkon wata. Ku tambaya ko ana shan maganin hawan jini, wasu ba su jituwa da asma. Ku ce a kurkure baki bayan famfo mai ruwan ƙasa.

Bayan abin da ya faru na zana hoto uku a takarda ɗaya: famfo mai ruwan ƙasa, famfo shuɗi, da ƙwaya an ja mata jan layi. Na rubuta bayani da Hausa, wata abokiyar aiki ta sa na Zabarmanci, na biya kuɗin fotokofi daga aljihuna. Tun daga ranar babu wanda ya sake ajiye famfonsa saboda gwajinmu. Tana nan manne a bango kusa da firji, kuma na ji sababbin ɗalibai suna kiranta takardar Dakta.