Abin da buɗe layin waya kai tsaye ya jawo mana a shirinmu na kare yara a Jos

Duk wanda ya zo neman shawarata kan shirin rediyo game da cin zarafin yara, tambayar da nake fara yi masa ita ce ko yana da niyyar buɗe wa masu sauraro layin waya kai tsaye. Idan ya ce yana da ita, sai in roƙe shi ya zauna ya ji abin da ya same mu a nan Jos, domin har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, yawancinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, sai wata lauya da take ba mu lokacinta kyauta. Mun tsara shirin ya dace da kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata, waɗanda ake farawa ranar 25 ga Nuwamba a kammala ranar 10 ga Disamba, muka sayi fili a wani gidan rediyo bayan sallar Isha'i, lokacin da mata suka sarara daga hidimar gida. Neman tallafi da shirya waƙar talla da gayyato baƙi duk sun tafi daidai, ba sai na tsaya a kansu ba.

Abin da za mu faɗa ma ba mu rasa shi ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin kowane 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suke samun taimako bayan haka ba su kai 5 cikin 100 ba, sannan mafi yawan masu aikata abin mutane ne da yaron ya sani. Lauyarmu ta bayyana cewa Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta fito tun 2003, Jihar Filato ta yi tata a 2005, kuma hukuncin da dokar tarayyar ta tanadar wa wanda ya yi lalata da yaro shi ne ɗaurin rai da rai. Mutane da dama sun yi mamakin jin cewa dokar ta daɗe haka. Ganin yadda saƙonni suke shigowa ne ya sa muka amince da shawarar mai gabatar da shirin cewa a buɗe layi, jama'a su yi magana da bakinsu.

Matar da ta kira a daren da muka buɗe layin ba ta da mugun nufi ko kaɗan, muryarta ma rawa take yi saboda takaici. Ta ce ba za ta faɗi sunan yarinyar da aka ci zarafinta ba, kuma ba ta faɗa ba. Amma ta ambaci unguwar, ta ambaci sana'ar mahaifin, ta faɗi ajin da yarinyar take a Islamiyya, ta kuma ce wanda ake zargi yana da shago a bakin layin. Ina zaune a ɗakin watsa shirin ina jinjina kai, ina ganin mun samu irin shaidar da za ta girgiza masu sauraro, kuma babu ɗayanmu da ya yi wa mai kula da na'ura alamar ya katse kiran. Wanda ya san yadda tsofaffin unguwannin Jos suke, irin su Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos, inda gida yake jingine da gida kuma kowa ya san kakan kowa, ya san cewa waɗannan bayanai huɗu sun fi suna tona asiri. Kafin a idar da sallar Asuba babu gidan da bai san yarinyar da ake nufi ba.

Sai daga baya muka san girman ɓarnar. Ashe mahaifiyar ta riga ta kai 'yarta asibiti a ɓoye, ta karɓi takardar likita, tana ta lallashin mijinta ya yarda a kai ƙara ofishin 'yan sanda, har ya fara saukowa. Da maganar ta fita a rediyo sai ya rufe ƙofa baki ɗaya, ya ce ba za a ƙara yawo da sunan gidansa ba, ya cire yarinyar daga makaranta ya tura ta ƙauye wajen danginsa. Mai shagon kuwa bai rufe shagonsa ko na yini ɗaya ba. Da na je gidan ba da haƙuri, uwar ba ta ɗaga mini murya ba, cewa kawai ta yi: “Malama, ku kun yi aikinku, mu kuma kun bar mu da kunya.” Na fita ban iya mayar mata da komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba jahilci ne ya kai mu ba. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba a al'amuran da suka shafi lalata, ko da suna ko da hoto. Dokar 2003 ta hana wallafa suna da adireshi da makaranta da hoto da duk wani abu da zai sa a gane yaron da maganarsa take gaban kotu. Mun karanta waɗannan duka, har mun koyar da su a taron bita. Sai dai mun ɗauka ƙa'ida ta bakinmu ce kawai, muka manta cewa duk abin da ya fita ta na'urarmu mu ne muka watsa shi, ko daga bakin wa ya fito.

Tun daga ranar muka daina shirin kai tsaye. Yanzu ana naɗar komai tukuna, mutum biyu su saurara, a cire unguwa da sana'a da makaranta da yawan 'ya'yan gidan. Idan za a ba da labarin wata, sai an nemi yardarta da ta mai kula da ita, a sauya duk abin da zai sa a gane ta, sannan wata daga cikinmu ta karanta da muryarta. Manajan gidan rediyon bai ji daɗi ba, ya ce: “Hajiya, kiran waya shi ne gishirin shiri, idan babu shi jama'a za su murɗa zuwa wata tasha.” Ban ce ƙarya yake yi ba, amma mun riga mun ga wanda yake biyan kuɗin wannan gishirin. Haka kuma na zama mai tsanani a kan shafinmu na Facebook, domin wasu suna ganin idan an rufe idon yarinya da baƙin layi an gama, alhali rigar makarantarta da ƙofar gidansu suna nan a hoton.

Lambar wayar ba mu janye ta ba, sai dai yanzu ma'aikaciyar jinya ce take amsawa a keɓe. A nan ne muka ga abin da ba mu zata ba, domin da yawa daga cikin masu kira manyan mata ne masu 'ya'ya da jikoki, suna ba da labarin abin da ya same su tun suna ƙanana, wasu kuma iyaye ne da suke magana a kan 'ya'yansu maza. Waɗannan mutane da ba za su taɓa kira ba idan sun san duk gari yana ji.

Saƙon da ya fi kowane amfani kuwa gajere ne, muna maimaita shi a kowane shiri: a fara da asibiti, kada a wanke tufafin da yaron yake sanye da su, kuma kada a wuce awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, ana kuma shan sa na kwana 28. Yawancin iyalai a zaman sulhu tsakanin dangi da mai unguwa suke cinye waɗannan kwanaki uku. Da farko mun riƙa sukar masu sulhun a rediyo, abin da bai haifar da komai ba sai gaba. Da muka gayyato wani limami ya bayyana da bakinsa cewa rufin asiri haƙƙin yarinya ne, ba mafakar azzalumi ba, sai wasu masu unguwanni suka fara turo mana iyaye da kansu.

Ga mai shirin yin irin wannan aiki, kada ya sanar da lambar waya sai ya san wanda zai amsa ta da ƙarfe biyu na dare, ya san asibitin da za a je da ma'aikacin da za a tarar, ya kuma ware kuɗin keke da na kati, domin uwar da ba ta da kuɗin mota daga Bukuru zuwa cikin gari ba za ta ci moriyar waƙar talla ba komai daɗinta. A kasafinmu na farko ko kwabo ba mu ware wa wannan ba, yanzu kuwa shi muke fara cirewa kafin mu je ciniki da gidan rediyo. Bana manajan ya sake yi mana tayin ragi idan za mu dawo da kiran kai tsaye, muka gode masa, muka biya cikakken kuɗin fili har da ƙarin na mai tace murya.