Hancina ya taɓa yaudarata a gidan kaji

Ina shekarata ta biyu a gidan kajin wani Alhaji da ke hanyar Kalgo, kusa da Birnin Kebbi, likitan dabbobin da ke duba mana kaji ya aiko da wani gari a leda, ya ce a riƙa haɗawa cikin abincin buroila, wato kajin nama. Ina kwance bakin ledar wari ya buge ni, irin na man shanun da ya daɗe a ƙwarya har ya juya. Na ɗaure na tura bayan ƙofa, na kira maigida na ce, "Ranka ya daɗe, kayan da Likita ya aiko ruɓaɓɓe ne." Da maganar ta kai kunnen Likita, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Malam, ai sunansa ma daga man shanu aka samo shi."

Ashe asid ɗin butirik ne. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna samar da shi da kansu a 'yan jakunkunan nan biyu da ke ƙarshen hanjin kaza, kuma shi ne abincin fatar cikin hanji, wadda ke da gashi-gashi kamar na tawul, inda ake tsotse amfanin abinci. Idan fatar nan ta yi ƙwari, cuta ba ta samun ƙofar kutsawa cikin jini. Mai tsada daga cikin irin wannan garin har lulluɓe shi ake yi da kitse, don kada ya ƙare tun kafin ya wuce ƙundu, kuma warinsa da sauƙi. Akwai ɗan'uwansa lorik, wanda shi ne kusan rabin man alayyadi da man kwakwa, yana fasa jikin ƙwayoyin cuta irin su Clostridium mai ruɓar da hanji. Tun da Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don sa su ƙiba a 2006, masu kiwo suka ƙara raja'a a kan irin waɗannan.

To, muka fara zubawa, ni kuma na saki jiki, a ganina mun sami laƙani.

Watan Afrilu ya kama, zafin Kebbi ya haura digiri 40. Kajin suna sati na huɗu sai kashi ya koma ruwa-ruwa, ɓuntun shinkafar da muka shimfiɗa ya jiƙe ya dunƙule, wasu suna girma wasu sun tsumbure. Nan take na ɗora wa garin laifi. Likita ya zo bai ce uffan ba, ya sa na yanka biyu, ya shimfiɗa hanjin a kan buhu ya tsaga da almakashi. Bangon ya yi siriri kamar leda, kana ja yana yagewa, ga majina mai ruwan goro. Sai ya ce, "Kai ni sito."

Dusar shinkafar da muke haɗa abincin kajin da ita ce matsalar. Alhaji ya same ta da araha a wani injin casa, ya jibge buhuna ƙarƙashin rufin kwano kusan wata biyu. Likita ya ɗiba ya murza, ya ɗanɗana ya tofar, ya miƙo min. Ɗaci da maƙaƙi, ga warin tsohon man suya. Dusar shinkafa tana da mai sosai, kuma tun daga ranar da aka cashe ta man yake fara lalacewa, zafi kuwa ƙara masa gudu yake yi. Man da ya juya haka yana cin fatar hanji, yana kashe bitamin A da E da ke cikin abincin, garkuwar jikin kaza ta yi rauni. Wato da hannun dama ina zuba abin gyara hanji, da hagu ina zuba abin da ke goge shi. Kullum ni ke ɗibar dusar nan da kwano, hancina ya saba, ban taɓa jin komai ba. Wanda warinsa na asali ne na ɓoye bayan ƙofa, ruɓaɓɓen gaske kuma na auna da hannuna.

Muka zubar da sauran, muka canja ɓuntu, Likita ya rubuta magani, don garin nan ba ya warkar da kazar da ta riga ta kwanta. Ba ya maye gurbin rigakafin cutar Gumboro da Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, ba ya tsayar da kashin jini.

Yanzu dusar sati biyu kawai muke saye, kuma sai na ɗanɗana kafin a sauke daga mota, direbobi suna min kallon mai taɓin hankali. Garin kuwa har gobe muna ja-in-ja da Alhaji a kansa. Shi ya ce kuɗinsa ya yi yawa. Ni a abin da idona ya gani, ya fi nuna kansa a sati biyun farko, lokacin da 'yan tsaki suka sha wahalar hanya daga Ibadan, da kuma kwanakin da ake sauya musu abinci daga sitata na 'yan tsaki zuwa finisha na ƙiba. Nan kaɗai ya yarda a saya.