Saƙon godiya bayan dawowarmu daga yayen 'yarmu a Saifurus

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ni da Hajiya mun dawo gida lafiya daga bikin yaye 'yarmu daga makaranta a arewacin tsibirin Saifurus, wanda littattafanmu na tarihi ke kira Ƙubrus. Kafin gajiya ta sake mu nake so in sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Bayan Allah, wanda zan fara da shi ɗan ƙanina ne da ke karatu a can. Ni da farko kwana 4 na yanke, kuma duk a otal guda a garin Girne, saboda hoton tashar jiragen ruwanta da na gani. Yaron nan ya kira ni cikin ladabi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan tsarin zai wahalar da Hajiya." Ya bayyana min cewa tun da aka raba tsibirin a 1974, kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da ɓangaren arewa a matsayin ƙasa, jirgi ba ya zuwa kai tsaye. Sai an sauka Istanbul a sake wani zuwa filin Erjan. Wato zuwa da dawowa kawai sun cinye kwana biyu. Ga shi bikin a garin Magusa za a yi, kuma daga Girne tafiyar ta haura awa ɗaya a mota, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Sai da na ɗan yi gardama irin ta manya, daga baya na sallama. Muka tsaya a kan kwana 5 a Magusa, 3 a Girne, Lefkosha kuma, babban birnin da ke tsakiyar tsibirin, a je a wuni a dawo, don a watan Yuni zafin tsakiyar tsibirin ya fi na bakin teku nesa ba kusa ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana.

Shi ne kuma ya ankarar da ni cewa manyan otal-otal na Girne da yawa suna da gidan caca a ciki. Sai ya nema mana gidan haya mai ɗakin girki, a ƙasa, ba hawa bene. Hajiya ta zo da kuka da daddawa da yaji, kuma daren da aka yi bikin ta tuƙa tuwo, ɗalibai 'yan gida suka cika falo har wasu a tsaye suke ci. Ina gode wa yaran nan duka. Wani ya ɗauki jaka, wani ya canzo mana kuɗi zuwa lira, wata ta riƙe hannun Hajiya duk inda za mu tsallaka titi, domin a can hannun hagu ake tuƙi, gadon mulkin Ingila, kuma kullum sai mu duba ɓarin da ba shi ba.

Amfanin kwanakin da aka ƙara na gan shi ranar Juma'a. Mun yi salla a Masallacin Lala Mustafa Fasha, wanda asalinsa coci ne kafin Usmaniyawa su ci garin a 1571. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa sa'ar ginin ce. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Alhaji, ai wannan ɓaure ne!" Ɓaure ne kuwa, irin namu sak, 'ya'yan a manne jikin reshe. Mun fi rabin awa zaune a inuwarsa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Na so ziyartar kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, Allah ya ƙara mata yarda, wadda ta zo tsibirin da rundunar ruwa a zamanin Sayyidina Usman ta rasu a can. Kabarin yana kusa da Larnaka, a ɓangaren kudu, kuma mu da muka shigo ta Erjan da fasfon Najeriya ba mu da ikon tsallakawa. Na gode da aka faɗa min tun muna gida, ban je na sha kunya a shingen bincike ba. Sai muka yi salla a sabon masallacin da aka sa wa sunan da Turkawa ke kiran ta da shi, Hala Sultan, a hanyar Lefkosha.

Ina gode wa dattijuwar da ta ba mu hayar gidan Magusa. Ba ma jin yaren juna, amma kowace safiya sai ta aiko da cukun hellim da burodi mai ɗumi. Ina gode wa yayana da ya riƙe min shago, da maƙwabta da suka kula da yara. Ke kuma 'yata, Allah ya sa albarka a karatunki, ya ba ki aiki na halal.

Gwiwar Hajiya ta ɗan kumbura bayan doguwar zama a jirgi, muna roƙon ku sa ta a addu'a.