Godiya ga duk wanda ya tsaya a teburin fasfo

Jama'a sai yau na samu kaina, tun da muka tattara kaya daga Hambug ta Jamus nake ta barci. Kwana huɗu, 27 zuwa 30 ga Disamba, muna zaune a wani lungu na taron Chaos Communication Congress muna buga wa mutane fasfo na wasa, kuma wallahi ba don ku ba da tun daren farko mun nannaɗe tabarmarmu.

Ga wanda bai zo ba, taro ne na masu kutsen kwamfuta, ba ɓarayin intanet ba fa, mutanen da in sun ga na'ura sai sun kwance ta sun ga cikinta. Fasfon kuma ba ya ƙetare da kowa ko'ina, mun ma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bangonsa. Tun 2011 wani mai ƙere-ƙere, Mitch Altman, ya fito da irinsa don mutum ya riƙa karɓar hatimi a duk zauren masu ƙere-ƙere da ya ziyarta, mu dai namu kawai mun nace sai da tsofaffin kaya. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 ke karɓar suna, Game Boy Camera, kyamarar na'urar wasa ta hannu, ta ɗauki hoto, ɗigo 128 a 112 da launin toka kala huɗu, wata firinta mai batir ta fitar da hoton, sai firinta mai allurai 9 ta buga rubutun a takarda mu manna a littafin.

To a daren farko ne ribon ɗin firintar, wato zaren tawadarta, ya bushe ƙaƙas, allurai na ta ƙara amma takarda fara fat, ga layi har ya sha kwana. Wani dattijo da ko sunansa ban tambaya ba ya leƙo ya ce mu jira, ya tafi ya dawo da ribon sabo a leda wanda ya ce ya fi shekara ashirin a durowarsa, ya zauna a ƙasa ya sa mana da hannunsa, ya ƙi karɓar ko sisi. Baba, in wannan saƙo ya iso ka, Allah ya saka da alheri, abin ya tsaya min a rai.

Sai 'yar'uwar da ta kama mana kuskure a layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto. Kowane layi harafi 44 ne kamar na fasfon gaske, allon Commodore kuwa 40 yake ɗauka, to wajen karyewar layin ne lissafin lambar tantancewa, wato lambar da ke nuna ko an yi kuskure a layin, ya karkace, wanda ake ninkawa da 7, 3, 1. Da biro ta lissafa a bayan hannunta ta nuna min, muka gyara tare wajen ƙarfe biyun dare. Na gode ƙwarai da gaske.

Masu aikin sa kai da ake ce wa mala'iku a taron, ku da kuka jawo mana wuta kuka tsara layi, sannunku da aiki. Da wanda ya yi ta kawo batir, don firintar hoton shida take ci a lokaci guda kuma ba ta jimawa. Da yaran da suka dawo rana ta uku suna nuna min shafuka cike da hatimin tebura daban-daban, ni abin da ya fi faranta min ke nan a duk taron.

Roƙo ɗaya, hoton a takardar zafi yake, wadda zafi ke yi wa zane ba tawada ba, rana na goge shi, don Allah ku ajiye fasfon a inuwa. Waɗanda littafi ya ƙare kafin layi ya zo kansu ku yi haƙuri, mun riƙe sunayen da kuka zaɓa a faifai, da ku za mu fara in Allah ya kai mu taro na gaba.