Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Babur Ɗin Malamin Gona

A makon jiya na tsaya a lokacin da maigidana ya fara barina ina riƙe sifana a garejinsa da ke Funtuwa. A waɗancan shekarun, shirin bunƙasa aikin gona da aka fara a yankin a 1975 da tallafin Bankin Duniya ya sa malaman gona suna ratsa ƙauyuka a kan babura masu dogayen ƙafafu, irin su Yamaha DT 125, waɗanda ba sa jin tsoron yashi ko laka.

Wata safiya ta damina wani malamin gona ya turo nasa har ƙofar gareji, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce ya yi ta buga kik amma babur ya ƙi tashi. Maigida bai taɓa injin ba, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, wuta, mai, matsi. Bi su ɗaya bayan ɗaya."

Na kwance fulogi na tarar ya yi baƙi, na goge shi, na jingina shi a jikin injin na buga kik, sai ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Fetur yana sauka daga tanki, kabureta ma na wanke ta. Da na toshe ramin fulogi da babban yatsa aka buga kik, iska ta ture yatsan, alamar fistin da ringi suna da sauran ƙarfi. Duk da haka injin ya yi shiru.

A nan ne maigida ya tsuguna ya bayyana mini abin da ya bambanta wannan injin da na mota. Injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, wanda fulogi ke ba shi wuta a kowane juyi, yana fara zuƙo cakuɗen iska da mai zuwa cikin akwatin da ke ƙarƙashin fistin, ya matse shi a can, sannan ya tura shi sama. Saboda haka idan robar da ke rufe bakin kiranshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin wannan akwatin, ta tsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, mai kuma ba zai isa inda wuta take jiransa ba, ko da komai na sama lafiya yake. A ganina wannan shi ne wurin da kanikawa da yawa suke sa mai babur asarar kuɗi, domin suna canza fulogi da koyil alhali ciwon yana ƙasa.

Muka cire murfin hagu da maganeto, wato na'urar da ke samar wa fulogi wuta, muka tarar robar ta bushe ta dare, mai ya yi naso a kewayenta. Maigida ya aike ni kasuwa na sayo sabuwa, ya nuna mini yadda ake shafa mata mai a buga ta a hankali don kada ta karkace. Malamin gona ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam," ya kama hanyar Bakori kafin azahar.

A mako mai zuwa zan kawo labarin ranar da aka fara bar mini garejin ni kaɗai.