Wa ke magana da ɗanka a cikin gem?

Mu da muka taso da gem na da, abin da muka sani shi ne yara biyu a gaban talabijin, kowa riƙe da hannun gem ɗinsa, in NEPA sun ɗauke wuta wasa ya tashi. Abokin bugunka yana zaune kusa da kai, ka san gidansu, ka san babansa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu idan muka saya wa yaro PlayStation ko Xbox, damuwarmu ba ta wuce kada ya hana shi karatu, kada ya kashe masa ido. Amma akwatin yau, da zarar ka haɗa shi da intanet ɗin gida, ya zama zauren da ba shi da ƙyaure. Kowa na iya shigowa ya zauna da ɗanka, daga Legas, daga Landan, daga Barazil, kai kuwa kana ɗaki kana jin ihun ƙwallo kana cewa ai yaro yana gida.

Autana bai kai shekara goma ba, kuma yana buga gem ta intanet. Ban hana shi ba, ba ni kuma da niyyar hana shi, domin a nan yake haɗuwa da 'ya'yan ƙanwata da ke wani gari, kuma na ga yadda wasan Minecraft ya koya masa haƙuri da tsara abu kafin ya fara gini. Abin da na tsaya a kai shi ne in san wa ke iya yi masa magana.

Matsalar tana farawa tun daga shago. A wajenmu yawanci na hannu ake saye, PS4 ko PS5, a zuba maka wasanni, mai shago ya buɗe asusu ko ya bar na tsohon mai shi a ciki. Da yake Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya jera wajen buɗe asusun PlayStation, sai a zaɓi Amurka ko Ingila, a ƙirƙiro adireshi, a sa shekarar haihuwa ta babban mutum don kada a sha wahala. Ka kawo gida ka miƙa wa ɗan shekara 8. A wajen na'urar nan, wanda ke riƙe da hannun gem ɗin magidanci ne mai shekara 30, saboda haka babu ƙofar da za ta rufe masa. Duk kariyar da kamfanonin suka tanada wa yara tana rataye ne a kan abu ɗaya: a gaya wa na'ura gaskiyar shekarun yaron.

Don haka abin da na fara yi shi ne na buɗe asusu nawa a matsayin mai kula da iyali, sannan na buɗe wa yaron nasa a ƙarƙashin nawa da ainihin shekararsa. A PlayStation ana yin wannan a sashen iyali da kulawar iyaye da ke cikin saiti. Xbox yana da manhajar waya mai suna Xbox Family Settings, Nintendo ma yana da tasa ta Switch. Daga nan kai ne ke yanke wa zai aiko masa saƙo, ko zai iya hira da murya, wane wasa zai buɗu, awa nawa zai yi a rana. Kada kuma ka manta da lambar sirrin da ke kulle saitin na'urar. A PlayStation da 0000 take zuwa, kuma babu yaron da bai san haka ba. Ka canza ta, ka sa wa asusunka na babba lambar shiga shi ma, in ba haka ba yaron zai bar nasa ya koma naka, aikin ya zama na banza.

Akwai abu biyu da na ga iyaye da yawa ba su sani ba. Na farko, wasu suna cewa ai ban biya kuɗin PlayStation Plus ba, don haka ba ya shiga intanet. Wasannin kyauta irin su Fortnite da Roblox ba sa buƙatar wannan kuɗin, data kawai suke so. Roblox ya shigo PlayStation a watan Oktoba na 2023, kuma shi ba wasa ɗaya ba ne, kasuwa ce ta wasanni marasa adadi da mutane daban-daban suke ƙirƙira, wasu masu kyau, wasu ba za ka so ɗanka ya leƙa ba. Na biyu, hannun PS5 yana da makirfo a jikinsa. Ko ba ka saya wa yaro abin sawa a kunne ba, idan ya shiga hira, waɗanda ke can suna iya jin falonka: ana kiran sunansa, mamansa tana waya, ana maganar gobe za a kai shi makaranta kaza. Akwai ɗan maɓalli a ƙasan hannun, in ka danna ya kawo wuta ruwan lemo, makirfon ya mutu. A cikin saiti ma ana iya sa shi ya riƙa tashi a kashe. Ni haka na bar namu.

Kada wani ya ɗauka tsoron ƙauyanci ne. A watan Disamba na 2022, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasancin da ya yi da hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka. Miliyan 275 tara ce a kan tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, da kuma barin hirar murya da ta rubutu a buɗe tun farko, abin da hukumar ta ce ya jefa yara cikin zagi da tsangwama daga baƙi. Sauran miliyan 245 kuɗin da za a mayar wa mutane ne, saboda an tsara maɓallan saye ta yadda mutum zai kashe kuɗi bai shirya ba. A ƙasarsu ke nan, inda akwai hukumar da za ta bi musu kadi. Mu da muke wasa da asusun da aka rubuta wa adireshin bogi, wa za mu kai wa ƙara?

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Asusun yaro a PlayStation yana zuwa da iyakar kashe kuɗi ta wata a kan sifili, ka bar ta a nan. Kada ka ajiye katin bankinka a cikin na'ura. Abin da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin ba ce, halin da ake koya wa yaro ne. Wasan ƙwallo na FC, wanda har yanzu muke kira FIFA, lambar shekaru 3 ce a kwalin FC 24, wato ya dace da kowa. Amma a ciki akwai sashen da kake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe, ba ka san wa zai fito ba sai ka biya. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, kuma a farkon 2019 kamfanin EA mai wasan ya daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin da shi a ƙasar. Ni ma a ganina caca ce, ko da an yi mata ado da rigar Real Madrid, kuma na gaya wa yaron haka da bakina.

Lambobin nan na kwali suna da amfani, a duba su. Na Turai 3, 7, 12, 16 da 18 ne, wato shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya buga. Minecraft 7, Fortnite 12, GTA V kuwa 18, duk da haka za ka same shi a kusan kowane akwatin da aka zuba wa wasanni a kasuwa, ƙananan yara suna tuƙa mota a ciki. Sai dai lambar tana magana ne a kan abin da kamfani ya zana. Ba ta san abin da wani ƙato zai faɗa wa ɗanka a kunne ba.

Nan ne na fi so in tsaya, domin saiti ba ya yi maka wannan aikin. Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan kada su yi wa babba musu, su gaida shi, in ya tambaya su amsa. Tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita. Amma mai mugun nufi a intanet da ita yake shiga. Ba ya zuwa da zagi. Yabo yake fara yi: kai yaro ka iya wasa. Sai ya taimaka masa ya ci wani mataki, sai ya yi masa kyautar kaya ko kuɗin cikin wasa, V-Bucks ko Robux. Sai tambaya a hankali: shekararka nawa, wane gari kake, babanka yana gida? Daga nan sai ya ce mu koma WhatsApp ko Snapchat ko Discord, can ya fi daɗin hira, kuma kada ka gaya wa kowa. Yaron da aka koya wa kunya da ladabi zai ji nauyin cewa a'a, musamman ga wanda ya yi masa alheri.

Shi ya sa na zaunar da nawa na ba shi izini a fili. Na ce masa, a cikin gem babu babba. Wanda ba ka taɓa gani da idonka ba, ba kawunka ba ne, ba yayanka ba ne, ko da Hausa yake yi, ko da ya yi maka sallama ya ce shi ɗan unguwarmu ne. Ba rashin kunya ba ne ka ƙi amsa masa, ba laifi ba ne ka toshe shi. Sunanka na gaskiya, sunan makarantarku, unguwarmu, lambar wayata ko ta mamanka, hotonka, babu wanda za a bai wa. A halin tsaron da muke ciki, sunan makaranta da lokacin tashi ba ƙaramin bayani ba ne. Sunan da yake wasa da shi ma mun zaɓa tare, babu sunansa a ciki, babu shekarar haihuwa. Abokansa na cikin na'ura kuwa duk na san fuskarsu, kuma duk wanda ya nemi abota sai mun duba tare.

Sai ya tambaye ni: "Baba, in wani ya faɗa mini maganar banza na gaya maka, za ka ƙwace gem ɗin?"

Tambayar nan ita ce gaba ɗayan al'amarin. Yaro yana lissafi. In ya san kawo ƙara yana nufin bulala ko kulle akwati a sif, zai haɗiye abin ya yi shiru, kuma shirun nan shi mugu yake nema. Na yi masa alkawari cewa duk abin da ya kawo mini da kansa, ba duka, ba faɗa, ba ƙwacewa, ko da shi ya fara amsa wa mutumin. Mamansa ma mun yi magana da ita a kan haka, don kada in yi alkawari a falo a karya shi a kicin. Ranar da ya zo ya ce wani yana ta turo masa neman abota bayan sun gama wasa, na gode masa, muka buɗe sunan tare, na nuna masa inda ake toshewa da inda ake kai rahoto, ya danna da hannunsa, ya ci gaba da wasansa.

Akwatin a falo yake, ba ya shiga ɗakin kwana, kuma sauti ta talabijin yake fita don mai wucewa ya ji. Lokaci kuwa na bar wa na'ura ta yi rigimar: bayan Islamiyya zuwa kiran Magariba, tana yi masa gargaɗi in ya kusa ƙarewa, sannan ta fitar da shi. Wani lokaci nakan ɗauki hannu na biyu mu buga tare. A nan nake jin sunayen abokansa, da wanda ya iya, da wanda ke zagi in an ci shi, abubuwan da in na tambaya kai tsaye ba zai faɗa ba.

Inda hankalina bai kwanta ba har yanzu shi ne wajen gida. Duk saitin nan a akwatinmu yake. In ya je gidan abokinsa, ko hutu gidan kawunsa inda samari ke buga Call of Duty da asusun manya, ko ya bi yayyensa gidan gem na bakin titi, babu abin da ke bin sa sai abin da muka faɗa masa. Gidan gem na hana shi zuwa sai ya ƙara girma. Gidajen 'yan uwa kuwa ba a hana zumunci, don haka nakan kira uban gidan kafin a kai shi, in ce don Allah in zai buga, a sa masa ƙwallo ko tseren mota a cire intanet, kuma a falo. Wasu suna ganin na cika tsanani, wasu kuma sun ce in na zo in saita musu nasu.